Nauyin da Fasinjoji Suka Bari

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, har ɗakin karatun unguwarmu ya koma buɗewa rabin mako, na kammala karatun injiniyan jiragen sama a Manchester, na sami aikin gwaji na wata uku a wani ƙaramin kamfani a gefen Birmingham. Idan aikina ya gamsar, za a riƙe ni; idan bai gamsar ba, takardar zamana za ta ƙare, in koma Kano.

Kamfanin yana sayen tsofaffin jiragen fasinja, ya mai da su na sintiri da horas da sojojin ruwa. Kowace safiya nakan fito daga unguwarmu ta Moss Side a Manchester cikin yayyafi, in hau jirgin ƙasa, in iske namu jirgin a rumfa, an kwashe masa kujeru, kamar gidan da masu shi suka tashi. Aikina awo ne. Duk abin da aka cire sai na ɗora shi a sikeli, har madubin bayan gida, domin a san inda za a kafa na'urar hango jiragen ruwa ba tare da jirgin ya rinjaya gaba ko baya ba.

Ranar da aka auna jirgin kansa, ya ɗara lissafina da kilo goma sha ɗaya da ɗigo huɗu. Na maimaita lissafin sau uku. Zuciya ta raya mini in rage wa kowace kujera 'yan giram a takarda, ba wanda zai gane.

Wani tsohon makanike, Bature, da ke kirana Farfesa don tsokana, ya same ni na yi tagumi.

"Farfesa, wa ya mutu?"

"Baba, jirgin ya fi lissafina nauyi."

"Shekara ashirin yana ɗaukar mutane. Ni ma dubi tumbina. Ɗauko tsintsiya."

Ya ɗaga allunan da fasinjoji suke takawa. A ƙarƙashinsu akwai yashi, da maɓallai, da ƙwallon dabino, da ɗan kunne wari guda. Audugar tare sanyi da ke cikin bangon jirgin kuwa ta jiƙe da numfashin mutane. Na durƙusa ina shara, haske yana shigowa ta ƙananan tagogi, sai na riƙa jin kamar duk sun dawo mazauninsu: mai gyangyaɗi, mai addu'ar tashi, da wata mace tana shafa kunnenta, tana duba ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, don haka ba zan ƙiyasta ba.

Sharar da jiƙar audugar suka ba da kilo tara.

"Sauran gajiya ce," in ji Baba.

Babu gurbin gajiya a takardar. Na rubuta: kilo biyu da ɗigo huɗu, ban gano asalinsu ba. Na sa hannu.

Shugabar sashenmu ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ka tabbata ba ka gano ba?"

"Na tabbata, ranki ya daɗe."

Ta miƙo mini fayil ɗin jirgi na gaba, wanda aikinsa zai ɗauki shekara.

Namu ya tashi da bazara. Har yanzu nakan tuna shi yana shawagi a kan teku, ɗalibai sun duƙufa a kan na'ura, shi kuwa yana ɗauke da kilo biyu da ɗigo huɗu na mutanen da suka daɗe da sauka.