Guɗar da ta Kusa Korar Yaya daga Madina

Jiya ina shanya a saman gida sai na ji "ƙwas!" daga lungu, ƙarar katako a jikin ƙwallo. Yaran maƙwabta ne ke wasansu. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu ina murmushi ni kaɗai, don ƙarar nan ta mayar da ni bakin kwarin Aƙiƙ, ina 'yar yarinya.

Bari in gaya muku yadda abin yake. In sanyi ya shigo aka yi ruwa, kwarin yakan kawo, mutane su fito kallo kamar ranar Salla. In ruwan ya janye sai ya bar yashi a shimfiɗe, a daddaɓe, babu zafin da ke gasa tafin ƙafa. To, filin samarin unguwarmu ke nan. Ƙwallonsu tsumma ne a cusa cikin tsohuwar safa a ɗinke. Sandar kuwa gindin reshen dabino ce, a fere ƙayar. Ɗaya ya jefo, ɗaya ya maka, ya yar da sanda ya ruga ya zagaye duwatsu huɗu kafin a taɓa shi da ƙwallon. Ran Alhamis bayan la'asar ake yi. Iyaye maza su zauna a tabarma da shayi mai na'ana'a, mu da mata mu hau saman gidanmu, da yake shi ne ke kallon kwarin.

Yayana shi ne gwanin bugu. A Madina aka haife shi, kamar ni. Nijeriya a bakin Kaka kawai muka san ta. Akwai kuma Kawu, ƙanin Inna, tela ne, amma kafin ya zo aikin Hajji ya zauna ɗan dambe ne a garinsu. Kullum yana koya wa Yaya a tsakar gida: hagu garkuwa, dama mashi, kuma in mutum ya faɗi ba ka sake taɓa shi.

Ranar da nake ba ku labari, samarin unguwar Ƙiblatain ne suka zo. Kai, an yi wasa! Yaya ya maka wata ƙwallo ta tashi har sai da muka ɗaga kai, ta faɗa can cikin dabinai. Muna tsalle muna tafi, Inna tana riƙe gyalena kada in faɗo. Cikin baƙin akwai wani ƙaton saurayi, Balarabe ɗan ƙasa, mahaifinsa mai gonar dabino. Da juyin bugunsa ya zo, ya maka ya ruga, Yaya ya cafke ƙwallon ya taɓa shi dab da dutse na ƙarshe. Saurayin ya ce ya riga ya taka. Aka ce bai taka ba. Namu suka soma yi masa dariya. Kafin a ankara ya wawuri sandar ya yi kan Yaya da gudu.

Na ga sandar a sama. Na ga Yaya ya tare da hagu, ta sauka a damtsensa, sannan damansa ya fita sau ɗaya tak. Ƙaton nan ya zube a yashi, jini na zuba daga hancinsa. Yaya ya ja da baya ya tsaya. Sandar tana nan yashe a gaban ƙafarsa, ko kallonta bai yi ba.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Sai Kawu ya manta inda yake. Ya yi fatali da kofin shayi, ya faɗa fili ba takalmi, ya ɗaga hannun Yaya sama yana kirari. Daga bayana kuma, wallahi, Kaka ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa! Tsohuwar da ba ta tashi sai an kama ta. Inna ta ce, "Kaka, mun shiga uku, nan fa ba gida ba ne!" Kaka ta ce, "To jikan nawa zan bari a fasa wa kai in yi shiru?"

Kafin magariba labari ya iso: mahaifin yaron ya rantse sai ya kai ƙara wurin shurɗa, 'yan sanda ke nan. Ya ce an zubar da jinin ɗansa, an kuma yi biki a kai. Mu baƙi ne, da iƙama, takardar izinin zama, muke zaune. In maganar ta kai can, abin da kowa ke tsoro shi ne a ɗora Yaya a jirgi a kai shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Inna ta kasa cin abinci. Baba ya je ya roƙi umda, wato mai unguwa, ya fara jin maganar tukuna.

Washegari bayan sallar Juma'a aka zauna a kan bencin umda da ke bakin lungunmu. Mu muna leƙe ta taga. Umda ya sa Yaya ya naɗe hannun riga, kowa ya ga shatin sanda ya kumbura ya yi baƙi. Ya juya ga saurayin ya ce, "Ya waladi, ɗana, muna maƙwabtaka da Manzo, kada ka yi ƙarya. Wa ya ɗauki sanda?" Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. "Da ka faɗi, ya ƙara maka?" Ya ce a'a.

Umda ya ce shari'a ba ta hana mutum kare kansa ba, muddin bai wuce abin da zai tsayar da cutar ba, kuma yaron nan bai wuce ba. "Amma wanda ya yi kirari da wadda ta yi guɗa, su wa ya kai musu duka?" Kawu ya soma, "Allah ya ba ka nasara, a garinmu..." Umda ya ce, "Halas, ya isa! Nan garinku ne?" Mahaifin yaron ya ce zai janye, in dai tsohuwar ta taka da ƙafarta ta ba matarsa haƙuri.

Aka dawo gida da maganar. Kaka ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba, ko Baba. Ta daɗe tana jan carbi, ta dubi Yaya, sannan ta ce, "Miƙo mini mayafina." Ni na riƙe mata hannu har gidan. Larabcinta bai fi kalma goma ba, amma ta ba da haƙurin, aka kawo mana dabino da gahawa. A hanyar dawowa ta raɗa mini, "Amma fa bugun ya yi kyau." Shi kuwa Kawu aka ɗora masa riƙon sanda: ba mai taɓa ta sai ya miƙa masa, da an buga ya ɗauke. Ba a sake zubar da jini a filin nan ba.

Yanzu bakin kwarin duk gine-gine ne. Jikokina a fili mai shinge suke wasa, da alƙali da mai gadi, in an yi faɗa kuma kowa waya yake ɗagawa. Ba na cewa namu ya fi. Yaya dai ya yi aure a garin nan, ya tsufa a cikinsa, kuma bara, bayan sallar azahar, 'ya'yansa suka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Saurayin nan da ya taɓa fasa wa hanci, yanzu tsoho da sandar dogarawa, yana cikin waɗanda suka kama makara.