Yadda Balaraba Take Raba Faɗa

Ranar Alhamis, tara ga Maris 2006, 'yata Balaraba ta fita daga gida ƙarfe bakwai da kwata, ba ta ko shanye kokonta ba. Ƙarfe takwas ta buɗe shagon ɗinkinta a unguwar Daɗin Kowa. Ƙarfe goma na isa, kamar yadda na saba tun da na yi ritaya, na zauna a kujerar baƙi ina ba da shawarar da ba a nema ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin kula da ma'aikata. Ina da digiri a harkar mulki, na je kwas cibiyar horar da manyan ma'aikata ta Kuru sau biyu. Ita kuwa ma'aikatanta uku ne: Sikirat, Bayarabiya mai yanka, Sylvanus, Ibo mai ɗinkin maza, sai Theodora, 'yar Vom, mai guga da sa maɓalli.

Sha ɗaya da rabi Sylvanus ya ɗaga wani yadi sama.

"Oga madam, wannan mata bai iya almakashi ba!"

"Idonka ne a karkace, ɗan'uwa," in ji Sikirat.

Balaraba ba ta tambayi wanda ya fara ba. Ta ɗauko rigar makaranta guda, ta ba shi hannun dama, ta ba Sikirat na hagu. Dokarta ke nan: masu faɗa su haɗa riga ɗaya, in hannayen ba su zo daidai ba su warware tare. Dole su auna, dole su yi magana. Ƙarfe ɗaya suna cin dafaffiyar gyaɗa a leda ɗaya, suna zagin juna da dariya.

Ƙarfe biyu na ce mata wannan ba tsari ba ne, takardar gargaɗi ake ba mutum.

"To, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ƙarfe shida ta rufe shago. Washegari motar da ta shiga za ta kai kaya Vom ta yi karo da tirela bayan Bukuru. Bayan la'asar muka binne ta. Shekararta ashirin da tara.

Tun rikicin ƙabilanci da addini na 2001 shaguna irin nata da yawa sun watse, kowa ya koma cikin mutanensa. Ban so nata ya bi su ba, don haka bayan addu'ar bakwai na karɓi shugabanci. Na raba wa kowa kusurwarsa. Na rubuta aikin kowa na manna a bango. Na ce duk mai ƙorafi ya kawo mini, kada ya tunkari abokin aikinsa. Faɗa ya mutu murus, na yaba wa kaina ƙwarai. Ban lura hira ma ta mutu ba.

A mako na uku Sylvanus ya ce zai koma wurin wani ɗan garinsu. Theodora ta ce ita ma tana tunani. Da suka fita cin abinci, kowa shi kaɗai, Sikirat ta rusuna a gabana.

"Baba, ka yi haƙuri. Tun da ka zo ba mu yi faɗa ba."

"Ai na gani," na ce, ina gyara hula.

"Ko gaisuwa ba ma yi, Baba. Ka je gida ka huta. Don Allah."

Na cire takardata daga bango da hannuna, na koma gida. Kwana huɗu bayan nan na leƙo, tun daga bakin titi na ji su suna musu a kan fanka. Sylvanus bai tafi ba. Yana can har yau.

Tufafin Balaraba mahaifiyarta ta raba wa 'yan'uwa, ta riƙe mayafi ɗaya. Littafin da take rubuta awon mutane na ba Sikirat. Theodora ta roƙi kofin shayinta. Keken ɗinkinta kuwa, na zauna na rubuta sharuɗɗa shida na amfani da shi, na karanta sau biyu, na yaga. Na bar shi inda yake, kusa da taga, ba sunan kowa a kansa.