Damanar da Na Tsallake

Ranar Lahadi da hantsi ina bakin murhu, littafin labari a cinyata, wani mai jaki daga wajen Kalfu ya yi sallama a ƙofar gidanmu na Tawa. Mijina Isuhu ya fita. Da ya dawo sai ya tsaya bakin ɗaki riƙe da hularsa, ya ce, "Kaka Idi ya cika jiya bayan la'asar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kakan Isuhu ne, kuma shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa Tungar Baƙi, can wajen Kalfu. Daga kudu suka taso zamanin Nasara, lokacin kamun soja. Malaminsu ya hore su kada su ɗauki makami a kan ɗan'adam, don haka suka bar gidajensu, suka yo arewa da iyali da iri cikin tulu. Sarkin ƙasar ya ba su fako mai duwatsu wanda ba mai so. Suka raba shi da ƙuri'ar kara, gonaki dogaye, kowa ya sami ɗan kwari ya sami ɗan dutse. In gari ya cika sai a fitar da sababbin magidanta su kafa wani, tsohon gari ya haƙa musu rijiya tun ba su ɗora ɗaki ba. Haka aka sami Gidan Tsamiya da Rijiyar Fako da Sabuwar Tunga.

Ranar da aka kai ni gaisuwa ina amarya, Kaka ya hangi littafi cikin kayana.

"Amaryata, mi aka faɗi cikin wanga abu da kika ƙyale mijinki na gaskiya?"

"Labarin ɗan sarki ne, Kaka. Shi haƙoransa duk suna nan."

Ya yi dariya har da tari. "To, tunda kin yi lekol kin iya boko, ki rubuta namu labarin."

Tun daga nan, duk hutun da muka je, ina zama gefen tabarmarsa da kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami, yana tufka igiya yana faɗa mini. Ni na so labarin ya yi kama da na littattafaina. Na rubuta cewa bisa dawaki suka iso. Ya ce, "Jaki ukku ne, ɗaya ma gurgu." Na tambaye shi wa suka ci da yaƙi. Ya ce, "Gudu munka yi, Allah ya tarbe mu." Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In yana tafiya ya ga dutse cikin gonar wani, sai ya duƙa ya ɗauke ya aza kan iyaka, ya wuce bai faɗa wa mai gonar ba.

Wata rana ya ajiye igiyar ya ba ni labarin damanarsu ta fari. Irin da suka zo da shi maiwa ce, mai son dogon ruwa. Adarawa maƙwabta suka ce ruwan nan gajere ne, su karɓi gero mai saurin nuna. Kaka yana matashi a lokacin, shi ya tashi cikin taro ya ce ba za su yar da irin iyayensu ba, aka kuwa bi shi. Ruwa ya ɗauke maiwa tana bunni. Ba a kai ko dami ɗaya rumbu ba.

Na rubuta rabin shafi, na yage. A littattafan da na sani, gwarzo ba ya jawo wa mutanensa yunwa. Da na karanta masa kayen a hutun da ya wuce, ya saurara ido rufe har ƙarshe.

"Kin tsallake damana guda."

"Kaka, garuruwa huɗu suna ganin girmanka. Me wannan zai ƙara?"

"Jikokina sun fara sayen iri a kasuwa don sun ga doguwar zangarniya. In kin ɓoye wautata, wani zai sake ta da gonatai." Ya buɗe ido ya dube ni. "Kuma akwai suna a ciki, amaryata. Ba wanda ya rage da ya san shi sai ni."

Ya faɗa mini sunan. Na ce in mun dawo hutu na gaba zan karanta masa shafin cikakke. Ina tsammanin akwai lokaci.

To ga shafin, mutanen Tungar Baƙi da ƙannenta uku, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, kafin shuka. A damanar fari Idi ya ƙi shawarar masu ƙasa, aka shuka maiwa, ba ta nuna ba. Adarawa suka ba su gero na iri, Buzaye suka ba su nono, da haka saura suka kai wata damana. Cikin waɗanda ba su kai ba akwai ɗiyarsa ta fari, ba a daɗe da yaye ta ba. Sunanta Hadiza. Shi ya ce a rubuta haka, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya Allah ka jiƙan Kaka Idi, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sada shi da Hadiza a Aljanna. Ka jiƙan waɗanda suka yi hijira tare da shi, da waɗanda suka ciyar da su. Ka ba ƴaƴansa da jikokinsa haƙuri, ka ba garuruwan nan huɗu ruwa mai albarka da zaman lafiya. Amin.