Daminar da Baffa Ya Bi Salsalar Tsatsa

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun gushe mini, amma daminar da Baffana ya zauna bin salsalar tsatsa ba za ta taɓa fita raina ba. A Tambuwal ne, tun Nasara bai zo ba, ina sabon ango.

Matata 'yar wajen Kebbe ce. Cikin kayan da ta zo da su har da ɗan ƙullin irin wake, fari tas, na mahaifiyarta da ta rasu, kuma ba wanda ya rage da shi sai ita. Muka shuka shi duka a gayaunata, 'yar gonar kaina da ke jikin dawar gandu, ko ƙwaya ba mu ajiye ba.

Wake ya yi yaɗo, ya soma fure, sai ga ɗige-ɗige ja-ja a ganye, in ka shafa su bar maka gari a yatsa. Tsatsa ce. Baffa, ƙanen mahaifina da ke riƙe da gandunmu, ya ce gobe a tuge waken a ƙone kafin ciwon ya tsallaka dawa. Ban ga laifinsa ba, dawar nan ce abincin gida. Amma in aka tuge, irin ya ƙare ke nan har abada. Matata ta kasa cin tuwo, ni kuwa tausayinta ya cika ni.

To, Baffa yana da wani hali. Ko baƙo ne ya roƙi ruwa, sai ya tambaye shi ubansa da kakansa har ya manta da ƙishirwa. Ashe amarya ta lura. Da safe ta durƙusa a bayan zana, tunda ba ta haɗa ido da suruki, ta ce, "Baba, a gafarce ni. Na ji an ce ba ka yanke ma kowa hukunci sai ka san asalinai. Tsatsag ga, an bi nata?"

Baffa ya ce, "Ɗiyag ga, kin kama ni."

Nan take ya sa na tsinko masa ganyen wake, da na dawa da na gero daga gonakin maƙwabta, duk masu tsatsa. Ya jera su a tabarma, ya harɗe kamar alƙali, maƙwabta suka taru ana ta dariya. Ya nuna mana ta wake ƙanana ce zagaye, ta dawa ta fi tsawo da duhu, ta gero kuma ta ɗan yi fatsi-fatsi. Wani don tsokana ya kawo zangarniya mai burtuntuna, baƙin garin nan da ke cinye tsaba. Baffa ya ce, "Wagga taubashiya ta, a aje ta gefe."

Sai ya ce kama ba ta isa shaida ba, aure zai haɗa. Ya shafa garin tsatsar wake a ganyen dawa mai raɓa, ya ɗaure da kaba, ya kuma shafa a wani wake mai lafiya can ƙarshen gona. Kullum da sassafe nakan je in leƙa. Kasuwa ta ci ta sake ci, waken ya kamu, ganyen dawa kuwa ko ɗigo.

Baffa ya tara mu ya yanke hukunci. "Kakansu guda, ga kama nan. Amma an daɗe da raba gandu, kowace gidanta taka ci. A bar waken."

Muka bi muna tsinke ganyen da ya fi lalacewa. Abin da muka samu da kaka ko ƙaramar ƙwarya bai cika ba, amma iri ya tsira. Ranar da ta sussuke shi, matata tana dariya tana share hawaye, kuma dintsin farko Baffa ta aika wa. Jikokinmu shi suke shukawa yau.

Tun daga nan na gane kama da wane ba ta wane. Kafin ka ɗora wa wani laifin danginsa, ka dakata ka bincika, don abin da aka tuge cikin gaggawa ba ya komawa ƙasa.