Kiran da Na Ƙi Amsawa a Cikin Kogo

Girman kai ne ya kai ni kogo, ba sha'awa ba. Lokacin muna zaune a garin Gaithersburg na Amurka da matata da yaranmu biyu, ina aiki a wani kamfanin zanen gadoji. Akwai wani Bature abokin aikina da teburinsa ke kallon nawa, duk ranar Litinin sai ya zo da ƙujewa a gwiwar hannu yana ba da labarin ramin da suka shiga ranar Asabar. Wata rana ya ce da ni cikin raha, ai ya ji mutanenmu ba sa son irin waɗannan wurare. Maganar ta soke ni. Na ce masa ni injiniya ne, dutse dutse ne a wurina, ya rubuta sunana a tafiya ta gaba.

Da na gaya wa matata sai ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Injiniya, duk faɗin ƙasar nan bai ishe ka ba, sai ka shiga ƙarƙashinta tun lokacinka bai yi ba?" Na tsaya na yi mata lacca a kan yadda ruwa ke cin dutse har ya yi rami. Ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da girkinta.

Mai jagorantar sababbin shiga a ƙungiyarsu ta masu shiga kogo wata tsohuwa ce 'yar siririya, ta haura sittin, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai a garin Laurel. Tun tana budurwa take shiga kogo, kuma kowa a ƙungiyar yana alfahari da cewa ba a taɓa ɓata a hannunta ba. Bakina ya kasa kiran sunanta gatsau kamar yadda suke yi, sai na riƙa ce mata Mama. Ta ji daɗin abin ƙwarai. A motarta muka tafi, tafiyar sama da awa uku zuwa duwatsun West Virginia, a hanya ta tambaye ni yadda ake faɗin sunana na ainihi, don ta lura abokin aikina guntule shi yake yi kamar yadda ake yi a ofis. Na koya mata. Da na ga ta iya, sai na ƙara mata da yadda tsofaffin mata na gida suke jan ƙarshensa idan suna kiran yaro daga nesa. Ta yi ta maimaitawa muna dariya har ta ƙware, ni kuma ina ta kurɓar shayi daga fulas ɗina.

Bakin kogon wani ɗan rami ne a gefen makiyayar shanu, yana huro iska mai sanyi kamar an buɗe firij. Mu shida ne. Mama ta duba hular kwanon kowa da fitilar goshinsa, ta tabbatar kowa na da ƙarin fitilu biyu a jaka, sannan ta karanta mana dokoki. Kada a taɓa jemage. Kada a karya komai. Ba a fitsari a cikin kogo, ga kwalbar roba kowa ya riƙe tasa. Kowa ya kula da wanda ke bayansa. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "In ka ga kai kaɗai ne, zauna inda kake. Zan zo in kira ka. Aikinka ɗaya ne, ka amsa."

Rarrafe muka fara da shi, sannan jan ciki. Ni da ko a gida ba na zama a ƙasa sai da darduma, sai ga ni kwance cikin taɓo ina bin tafin takalmin wata 'yar jami'a. Amma gaskiya wurin ya burge ni. Muka fito wani ɗaki mai faɗin masallacin unguwa, duwatsu na reto daga sama suna ɗigar ruwa. Mama ta zaunar da mu ta ce kowa ya kashe fitilarsa ya yi shiru. Ban taɓa sanin akwai duhu irin wannan ba, na kai tafin hannuna har kan hancina ban ga komai ba. Can sai na fara jin kamar mata suna hira a bayan bango, ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya. Da aka kunna fitilu Mama ta ce kowa yana jin haka, ruwa ne ke gudu a ƙarƙashi, kunne kuma yana ƙara masa gishiri. Ni na fi kowa dariya, har da ƙarin bayani irin na injiniya.

A hanyar dawowa shayin nan ya nemi hanyar fita. Abin da ya kamata shi ne in ce a tsaya, kowa ya juya baya, in yi a kwalba. Haka suke yi, ba wanda ya ɗauke shi komai. Amma ni? In buɗe baki in gaya wa sa'ar mahaifiyata ina jin fitsari, ga yarinya 'yar jami'a a tsaye? Wallahi gara marata ta fashe. Abokin aikina ne na ƙarshe a layi, ni ina gabansa. Na ce masa ya wuce, igiyar takalmina zan ɗaure, yanzu zan cim musu. Ya wuce. Suna shan kwana na faɗa wata 'yar hanya ta hagu, na yi ta kutsawa don kada ko ƙarar kwalbar ta kai musu, har na sami wani lungu a bayan wani faffaɗan dutse. Na sauke jaka na tsuguna. Da na gama na miƙe, hulata ta daki rufin, murfin batir ya ɓalle, fitila ta mutu.

Na laluba inda nake zaton na ajiye jakar, babu. Na laluba dama da hagu, taɓo kawai da sanyi. Na ce wa kaina, kwantar da hankali, zauna inda kake. Na zauna. Matan nan na bayan bango suka dawo da hirarsu, yanzu kuma kusa da ni.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai na ji an kira sunana. Muryar tsohuwa ce, ta faɗe shi daidai, ta ja ƙarshensa kamar yadda ake yi a gida. Kiran ya zo ta gabana, ya sake zuwa ta bayana, ya sake fitowa daga ƙarƙashin dutsen da nake kai. Muna yara kakata ta sha ja mana kunne: in ka ji an kira sunanka a wurin da ba mutane, ba ka ga mai kiran ba, kada ka kuskura ka amsa. Mutanen ɓoye ne ke aron muryar wanda ka sani, in ka amsa sun tafi da kai. Na fi shekara ashirin ban tuna da wannan magana ba, kuma da an tambaye ni da safiyar ranar da na ce camfi ne na tsofaffi.

Kada in yi wa kaina ƙarya a nan. Wani sashe na kaina ya san Mama ce. Ni na koya mata kiran a mota da bakina. Amma ɗaya sashen yana cewa, to in ba ita ba ce fa? In sun ji ku ne a mota? Na buɗe baki, harshena ya ƙi motsi. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci ina haɗa farko da ƙarshe. Sai wani haske ya fara rarrafowa a jikin bango. Maimakon in yi murna, sai na ƙara maƙalewa a bayan dutsen na dunƙule. Kiran ya zo dab da ni, har na hango gefen takalmi ta ƙarƙashin dutsen, ja ne, da taɓo a kansa. Na runtse ido na toshe bakina da hannu. Aka kira sau uku a nan, aka saurara, sannan hasken ya juya ya tafi.

Abokin aikina ne ya same ni daga baya, yana kwaɗa guntulallen sunana na ofis yana haɗawa da ashar. Shi kam na amsa masa da ƙarfi. Jakata tana nan taku biyu daga inda nake.

Da muka koma mahaɗar hanya muka tarar da Mama a jiƙe har ƙirji, leɓɓanta sun yi shuɗi, tana karkarwa. Da ba ta same ni a hanyar hagu ba, sai ta zaci na gangara wajen ruwa, ta shiga ta bi shi tana nemana. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Ka ji ciwo?" Na ce a'a. Abokina ya nuna mata inda ya same ni. Ta dubi hanyar ta dube ni.

"Ai na shiga nan," in ji ta. "Nan na fara shiga. Na je har wajen faffaɗan dutsen ina kiranka. Ba ka ji ni ba?"

Mutum huɗu na tsaye, fitilunsu a fuskata, har da wanda ya ce mutanenmu na tsoron irin waɗannan wurare. Na ce, "Ban ji komai ba, Mama. Ba wanda ya shigo nan."

Sannan ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "To wace hanya na shiga?"

Na zaci maganar ta mutu a nan. Na sake bin su sau biyu, wani mutum ne ya jagoranta, har na zama mai tuna wa sababbi dokoki, kai jama'a, rashin kunya ba ta da iyaka. Da na tambayi labarin Mama aka ce tana hutawa. Sai bayan sanyi ya wuce abokin aikina ya ba ni labari muna cin abincin rana. Mama ta daina kogo gaba ɗaya, ta rarraba kayanta. Ashe mahaifiyarta ciwon mantuwa ne ya kashe ta, har ta daina gane 'ya'yanta. Tun ranar nan Mama ta sa a ranta cewa nata ya fara: kogon da ta sani kamar tsakar gidanta, ta tuna sarai ta shiga wata hanya, alhali ba ta shiga ba. Ta je asibiti an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, ta ce ai farkonsa ba a gani. 'Yarta ta zo ta karɓe makullin mota, kuma an shirya za ta koma wajenta a wata jiha.

Sati guda na yi ina ɗauke da abin kafin na gaya wa matata. Na shirya za ta yi mini dariyar aljanu, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Tsoro ba abin kunya ba ne, ni ma ba zan amsa ba. Amma ka bar tsohuwa tana zaton ta haukace don kada a ce kai baƙauye ne? Haba, baban yara. Ɗauki makullin motarka."

Ranar Asabar da hantsi na isa Laurel. Mama ta buɗe ƙofa da fara'a, ta rame. Falon cike yake da kwalaye. A jikin firij ta manna takardu da rubutun hannunta: abin da ta ci jiya, ranar da ake ciki, ko ta kashe murhu. Ta ga ina kallo ta ce gwada kanta take yi kowace safiya. A kicin muka tsaya, tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida.

Na ce, "Mama, na zo in faɗa miki wani abu. Ranar nan na ji ki. Duk kiran da kika yi na ji."

Hannunta ya tsaya. Na faɗa mata duka, tun daga fitsarin har zuwa kakata, ban rage komai ba. Ina magana ina kallon tayil. Ba ta ce komai a kan aljanu ba, ko gira ba ta ɗaga ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Hanyar hagu na shiga?"

"Ita kika shiga."

"Har wajen faffaɗan dutsen?"

"Har can. Na ga takalminki, ja ne. Sau uku kika kira a wurin."

"Sau uku," in ji ta. "Haka na gaya wa likita." Ta zauna a kan kwali ta rufe fuskarta da jaridar da ke hannunta. Na ce ta yafe mini, na sake cewa. Da ta sauke jaridar idonta ya yi ja. Ta miƙe ta ɗauki wayar bango ta buga wa 'yarta, ta ce akwai mai magana, sannan ta miƙo mini.

"Faɗa mata yadda ka faɗa mini. Duka. Ni in na faɗa ba za ta yarda ba, yanzu ba a yarda da abin da na tuna."

Na karɓi wayar na gabatar da kaina ga matar da ban taɓa gani ba, na sake farawa daga shayin. Da na kai ƙarshe ta ce, "Wata biyar. Ka san abin da muka gani a wata biyar ɗin nan?" Ta ci gaba da magana, ni kuma na tsaya ina sha, don duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Mama ta juya mini baya, tana zaro kofuna daga kwali ɗaya bayan ɗaya, tana warware jaridar, tana mayar da su kan kantar kicin. Ba ta ba ni kujera ba, ni ma ban nema ba.