Gwangwanin da Ba Shi Oga Ya Aike Ni Ba

Wata huɗu na yi ina aiki a wajen wankin motar Oga Luka da ke Durumi da abu ɗaya tsaye a ƙirjina: kada ranar ta zo da za a miƙo mini gwangwani a ce, "Karanta mana abin da aka rubuta." A aji uku na bar makaranta. Hausa nakan haɗa baƙinta a hankali, amma ƙananan rubutun Turancin nan da ake cusawa a bayan gwangwani, ni da shi sai kallo. Ga goyo, Hafsatu, wata tara a bayana. Ga maigidana a zaune, kamfanin ginin da yake wa gadi sun gama aikinsu sun tashi. In aka sallame ni ban san inda zan nufa ba. Ranar kuwa ta zo, wata Asabar a ƙarshen damina, kuma har yau ba ta fita daga raina ba.

Bari in yi wa wanda bai san aikinmu ba bayani. Wajen wanki hawa-hawa ne. A ƙasa akwai mai ɗebo ruwa da wankin tsumma da tawul. Sama da shi mai wanke jikin mota, sai mai share ciki, sannan a can sama mai goge, wanda shi kaɗai aka yarda ya shafa wa fenti mai. Ni ce ta ƙasa, kuma ni kaɗai ce mace. Mai goge kuwa Ɗanladi ne, magidanci mai gemu da yawan tsokana. Ranar da Oga ya ɗauke ni cewa ya yi, "Maman Hafsatu, zan gwada ki. Amma kuskure ɗaya a jikin motar mutane, kin tafi. Ba ni da bakin ba manya haƙuri."

Man da ake shafawa iri biyu ne. Akwai kamfawun, mai ƙanƙare fenti, na tsohuwar motar da ta dusashe ko ta sha karce. Akwai wakis, shi ba ya cin komai, rufe fenti yake yi ya sa shi ƙyalli, ruwa ya riƙa zamewa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. A bokitin wanki na gane. Tsumman da aka yi kamfawun da shi, in ina cuɗawa, sai in ji wani ɗan gari-gari a yatsuna kamar tsakin da bai niƙu ba. Na wakis kuwa sulɓi ne da shi kamar man kaɗanya, ruwa ma ƙin shigarsa yake yi.

Lokacin farar hula sun zauna daram, kuɗi ya shigo gari, ma'aikata sai sauya motoci suke yi. Ranar Asabar layi har bakin titi. Da hantsi sai ga wata baƙar jif sabuwa fil, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Mai ita Madam Rahila, ma'aikaciyar gwamnati ce. Ta fito tana shafa ƙofar kamar mai lallashin jariri.

"Oga, motana na farko ke nan a duniya," in ji ta. "Yau zan kai shi Yangoji mamana ta gani. Ina so ya yi ƙyalli har kajin garin su tsaya kallo."

Aka wanke ta tas. Ɗanladi ya buɗe gwangwanin wakis, wayam, ko na lakatar yatsa babu. Duk mazan hannunsu cikin kumfa yake. Oga ya waiga, idonsa ya faɗa kaina.

"Maman Hafsatu, ungo. Ki je Apo wajen Alhaji Sabo, ki nuna masa wannan, ki kawo irinsa sak. Sak na ce. Kar ki kawo mini ƙaninsa."

Na gyara goyo, na hau okada, ina ƙanƙame da tsohon gwangwanin, ina haddace hoton jar motar da ke jikinsa.

Alhaji Sabo dattijo ne, mutumin Zariya, shagonsa cike da gwangwanaye har rufi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa. Ko dubawa sosai bai yi ba ya zaro wani daga sabon kwali. Jar mota ɗaya, murfi ɗaya, komai ɗaya. Da na karɓa na juya da shi ke nan. Amma tunda ba zan iya karantawa ba, sai zuciyata ta ƙi kwanciya.

"Baba Alhaji, don Allah a buɗe mini in taɓa."

"Ki taɓa? 'Yata, daddawa kika zo saye?"

"Ko daddawa ai sai an shinshina, Baba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya sa kan makulli ya ɓalle murfin. Na lakata kaɗan, na murza tsakanin babban yatsa da manuni. Gari-gari. Na sake murzawa. Sannan na kalato ɗan abin da ya maƙale a bakin tsohon gwangwanin da ɗaya hannun. Sulɓi.

"Baba, ba iri ɗaya ba ne. Wannan yana da yashi."

Dariyar ta ɗauke. Ya lakata da kansa, ya murza, ya kai hanci. Ya ɗauko na biyu daga kwalin ya buɗe, haka. Na uku, haka.

"Innalillahi," in ji shi. "Shekaranjiya wani baƙon dillali ya sauke mini kwalin nan. Ashe kamfawun suka ɗura a gwangwanin wakis. Da kin kai wannan wa Luka, da wane ido zan dube shi?"

Ya ture kwalin ƙarƙashin benci da ƙafa, ya hau kujera ya sauko da wani gwangwani ruwan ɗorawa, ba jar mota, ba komai sai rubutu. Ya buɗe mini ba tare da na roƙa ba. Na murza, laushi kamar fatar Hafsatu.

"Wannan shi ne na gaskiya da ya rage mini. Ki kai masa."

"Baba, cewa ya yi sak. In na koma da wani daban, korata zai yi."

Sai ya yago leda, ya ɗebi na jabun ya ƙulle, ya ɗora mini a kai. "Ki tafi da shaidarki. In ya ƙi ji, ki ce ya zo ya same ni."

A kan okada ba abin da ban ayyana ba. Ina sauka Ɗanladi ya hango launin gwangwanin.

"Oga, zo ka gani! An aike ta wakis ta sayo mana bota. Sai a kawo burodi!"

Masu wanki suka kwashe da dariya. Oga bai yi ba. Ya karɓa, ya juya shi, ya dube ni.

"Me na ce miki?"

"Sak, Oga."

"Wannan sak ne?"

Na ba shi labarin yashin. Ɗanladi ya ce shekararsa nawa yana goge mota bai taɓa jin an tauna wakis da yatsa ba. Madam Rahila na zaune a benci tana duba agogo. Na san in na yi shiru a nan aikina ya ƙare, sai na nuna wata tsohuwar baƙar ƙofar mota da aka jingine a bayan rumfa tun kafin in zo.

"Oga, a gwada a can. Rabi da na leda, rabi da na gwangwani. In ƙarya na yi, da ƙafata zan tafi."

Ɗanladi ne ya yi gwajin da hannunsa, don ya kunyata ni. Ya wanke ƙofar, ya shafa, ya goge, aka ciccibo ta aka fito da ita rana. Ɓangaren na leda ya yi hazo-hazo, da zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Ɗaya ɓangaren baƙi wuluk, ana ganin gajimare a ciki. Oga ya watsa ruwa. A gefen farko ruwan ya kwanta shame-shame. A na biyu ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa.

Madam Rahila ta dafe ƙirji. "Yesu! Wannan ne za a sa wa motana?"

Oga ya dubi ƙofar. Sai ya zare soson daga hannun Ɗanladi ya miƙo mini. "Ke kika samo shi. Ke za ki shafa."

Na ɗora bayan hannuna a kan bonet, yadda nake gwada ruwan wankan Hafsatu. Zafi zau, motar ta sha rana tun tafiyata. Na sha ganin wakis ya ƙone a kan ƙarfe mai zafi ya zama fari kamar alli, a yi ta dirza ya ƙi fita.

"Madam, ki yi haƙuri. Sai an shigar da ita inuwa ta huce."

"Kai, Yangoji da nisa fa."

"In ruwan wanka ya ƙona hannuna ba na sa 'yata a ciki, Madam."

Ta dube ni, ta dubi goyon, ta yi murmushi. "To kawo yarinyan nan in riƙe. Ki yi mini aiki da hannu biyu."

Aka gyara motar ƙarƙashin rumfa. Da ƙarfen ya yi sanyi na fara, ƙofa ɗaya-ɗaya, shafi siriri, ba lafta shi ake yi ba. In ya bushe ya yi dishi-dishi sai in ja yatsa a kai, in wurin ya fito tas to ya nuna, in bi da tawul mai laushi ina juya shi. Ɗanladi ya tsaya yana huci, can sai ya ce, "Ki kiyayi baƙar robar nan ta gefe, in ya taɓa ta fari take yi." Daga nan kuma ya ɗauko tawul ya kama mini rufin, don tsawona bai kai ba.

Da muka gama aka fito da ita, kowa ya zuba mata ido. Bishiyar mangwaron da ke tsallaken titi gaba ɗayanta tana cikin ƙofar. Madam Rahila ta matso da Hafsatu a kafaɗa, ta tsaya tana gyara ɗaurin kallabinta a jikin fentin. Hafsatu ta ga wata yarinya a ciki, ta ƙyalƙyale da dariya, ta kai hannu ta manna yatsu biyar masu yawu a kan aikin da na gama yanzu.

Na yi wuf da tawul. Madam ta tare ni. "Bar shi! Sa hannun 'yar injiniya ne. Da shi zan je Yangoji." Haka ta ja motarta tana danna hon, masu wanki na tafi, Ɗanladi na ihu, "A gaishe da kajin!"

Bayan la'asar Oga ya kira ni gefe, ya ciro makullin kabad ɗin gwangwanaye ya sa mini a tafin hannu. Ya ce daga yau ni ce mai sayen mai, kuma zan riƙa goge tare da Ɗanladi. Na ji ba zan iya karɓa da ɓoye-ɓoye ba.

"Oga, akwai abin da ban faɗa maka ba. Ban iya karanta Turanci ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun satinki na farko. Na gan ki kin riƙe gwangwani kai ƙasa kina gyaɗa kai kamar lauya." Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni da na iya karatun, da rubutun zan bi in lalata motar mutane."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a lokaci ɗaya. Da na je gida maigidana ya sa na ba shi labarin sau uku, kowane karo sai ya tsayar da ni a wajen bota da burodi.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne hannun da ya daɗe a bokiti shi ma yana da nasa sanin, kuma mutanen kirki a sana'ar nan su ne masu yarda a gwada a gaban kowa, irin su Alhaji Sabo da Oga, har da Ɗanladi, wanda yanzu ba ya buɗe sabon gwangwani sai ya ƙwala mini kira, "Injiniya, zo ki ɗanɗana!"

Roƙona gare ku guda ne. Ku ƙannena masu shigowa aikin, da ku masu kawo mana motoci: kafin wani mai ya hau fenti, a buɗe gwangwanin a murza a yatsa, a kuma taɓa ƙarfen da bayan hannu. In wadda ke wanke tsumma ta ce a dakata motar ta huce, don Allah ku zauna a benci ku ba ta wannan ɗan lokacin.