Jar Kuɓewar Inna Kande

Ka taɓa tashi gyara da zuciya ɗaya, ashe ɓarna kake yi?

Wata rana, sati biyu da dawowata daga bautar ƙasa, na tsaya a bayan gidanmu ina mafarki ido biyu.

Harkar noma na karanta, kaina cike da tsare-tsare. Na riga na yanke shawara: gidanmu ya bar cin na gwangwani da na leda. Abin da za mu ci, mu shuka da hannunmu.

Har ina ganin lambun a raina. Latas layi-layi, kabeji ya naɗe, raɓa tana ƙyalli a kan ganye, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Irin ma na saya, ƴan fakiti masu hoto, daga ƙasar waje.

Abu ɗaya ya tsone mini ido: wasu busassun karare a jikin katanga, sun yi baƙi ƙirin.

Na tuge su. Na tara. Na ƙyasta ashana.

Hayaƙin ne ya fito da kakata, Inna Kande, tana dogara sanda.

"Angona, me kake gasawa haka babu gayyata?"

"Shara ce, Inna. Lambu zan yi miki, mu riƙa cin namu na gida."

Ta dubi wutar.

"To ai na gidan ne ka cinna wa wuta."

Jar kuɓewa ce.

Mahaifiyarta ce ta ƙulle mata irin a bakin zane, ranar da aka kawo ta garin nan amarya daga ƙauyensu. Shekara hamsin da ɗoriya, duk ƙarshen damina sai ta bar ƴaƴan ƙarshe su bushe a jikin kara, su ne irin baɗi. A ƙauyen nasu ma yanzu babu mai shuka ta.

Ni da digirina, ban gane iri ba, don ba a fakiti yake ba.

Ban san sanda na watsa wutar da ƙafa ba. Muka durƙusa ni da tsohuwa muna tonon toka. Ƴaƴan kuɓewa guda biyu muka tsinta, wuta ta lashi gefensu kawai.

Muka fasa. Ƙwaya goma sha ɗaya.

Ta zuba mini a tafin hannu. "Kai ka ƙona, kai za ka yi reno."

Da ruwan farko na shuka. Kullum da safe ina tsugune a gindin katanga kamar mai jinya.

Huɗu suka tsiro.

Sai fure, rawaya mai duhun ciki. Sai ƴan yatsu jajaye suna leƙowa ta ƙarƙashin ganye.

Ranar da aka yi miyar farko, Inna ta kai loma ɗaya ta lumshe ido.

Can ta ce, "Yau na je gida."

Darasi: Cin na gida ba daga kanti yake farawa ba. Yana nan a hannun tsofaffinmu, wani a ƙullin zane, wani a tsohuwar kwalba. In suka tafi ba mu tambaya ba, ya tafi kenan.

Yau ɗin nan ka je wajen tsohuwar gidanku, ka tambaye ta wane iri take adanawa. Ka roƙi ko ƙwaya biyar ce ka shuka. Sannan ka tura wa abokinka wannan, tun bai ɗauko ashana ba.